Shirin Tafiyar Fatauci ga Matasan Kiyeshe da Kewaye

Tafiyar fatauci ita ce fitar ɗan kasuwa daga garinsu zuwa kasuwa mai nisa, ko don ya kai abin da ƙasarsu ke da yalwarsa, ko don ya saro abin da babu a gida. Ga mutumin Kiyeshe da sauran garuruwan Arewa da ke jere a kwarin Dallol Mawri, irin su Matankari da Kore Mairuwa da Tibiri da Gesheme, fuskokin wannan tafiya sanannu ne. Babbar hanya mai lamba 1 da ta ratsa Dogondutsi ita ce uwar hanyoyin. Wanda ya bi ta yamma zai wuce Doso ya isa Yamai, tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba. Wanda ya yi gabas zai isa Birnin Ƙonni bayan kusan kilomita 150, daga nan ko ya ƙetara Illela ya nufi Sakkwato, ko ya zarce Galmi da Maraɗi, inda hanyar Katsina da Kano ta ɓulle ta Ɗan Isa da Jibiya. Daga Doso akwai hanyar kudu zuwa Gaya, inda mashigar Kamba da gadar Malanbil suke. Akwai kuma ƙananan hanyoyin ƙasa da ke haɗa ƙauyukan bakin iyaka da Bacaka da Kangiwa a jihar Kabi. Abin da ake fitarwa shi ne wake da gyaɗa da gujiya da dabbobi da kayan lambun rani. Abin da ake shigowa da shi kuwa ya haɗa da atamfa da shadda da takalma da kayan roba da sabulu da wayoyi da kayan gyaran babur.

Sana'ar tsohuwa ce. A ƙarni na 19 ayarin fataken goro yakan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya bi ta Jega, ya ƙetare Kwara, ya yi watanni kafin ya isa Salaga a ƙasar Gwanja. Ayarin yana da tsari: madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki yana kula da kuɗin da ake biyan sarakunan da aka ratsa ƙasarsu, malamin ayari yana riƙe da rubutu, a can kuma mai masauki yana jira. Mota ta mayar da tafiyar watanni ta zama ta kwana ɗaya ko biyu, amma ayyukan nan ba su gushe ba. Abin da ya sake shi ne yanzu matashi guda ne ke ɗauke da su duka. Galibin wahalar da sababbin ƴan kasuwa ke sha a hanya tana zuwa ne daga barin ɗaya daga cikin ayyukan nan ba a yi ba kafin a fito, kuma tun can an ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin farko lissafi ne. A ɗauka, don misali kawai, matashi ya saro kayan jika 400 a Kano, yana sa ran sayar da su jika 480 a gida. A ido ribarsa jika 80 ce. To amma akwai kuɗin mota zuwa da dawowa, da kuɗin ɗaukar kaya, da ladan ƴan dako, da la'adar dillali, da haƙƙin duwan, da abinci da makwanci, da abin da ɗan canji ya rage. Idan waɗannan suka cinye jika 55, abin da ya saura jika 25 ne, ga shago ya yi kwana biyar a rufe, ga kuma kayan da za su jima ba su fita ba. Daga cikin kuɗaɗen nan akwai waɗanda ke ƙaruwa da yawan kaya, kamar dako da duwan. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da yawan kaya, kamar kujerar mota da kwanan hanya, domin mai jarin jika 100 da mai jarin miliyan kuɗin kujera ɗaya suke biya. Shi ya sa mai ƙaramin jari da ke yawan zirga-zirga yakan wayi gari jarinsa ya narke ba tare da an sace masa ko dala ba. Maganin da ƴan kasuwa suka daɗe da sani shi ne haɗa kai: mutum uku ko huɗu da suka yarda da juna su rubuta saƙonsu, su aiki mutum ɗaya, su raba kuɗin hanya gwargwadon jarin kowa, wani zuwan kuma wani ya tafi. Tsarin yana tafiya daidai matuƙar an rubuta abin da kowa ya bayar da abin da ya karɓa.

Lissafi ya shafi zaɓen hanya ma. Hanyar da iyaye suka saba bi tana da daraja, amma ba dole ba ne ta ci gaba da zama mafi sauƙi har abada. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a 1877 ya rasu a 1955, yana cikin fataken Kano na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko maimakon jiran ayarin ƙasa, kuma isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta ƙara gajarta masa zango. Haka ya kamata matashin Kiyeshe ya riƙa tambayar kansa kowace shekara: kayan da ake zuwa Kano dominsu, ba a samun su a Sakkwato ko Jega ko Ƙonni da ɗan ƙarin farashin da bai kai kuɗin ƙarin tafiyar ba? Sau da yawa kasuwa ta kusa ita ta fi riba idan aka haɗa komai.

Bayan lissafi sai lokaci. Manyan kasuwannin yankin na mako-mako ne, kuma wanda ya kuskure ranar ya yi asarar kwana bakwai ko ya sayar a wulaƙance. Kasuwar Illela ranar Lahadi take ci, ta Maraɗi kuwa Litinin da Juma'a ne manyan ranakunta. Mai kai dabbobi ya fi kyau ya isa da yammacin jajibiri, dabbobin su sha ruwa su huta, su shiga kara da safe cikin kyan gani. Kano kuwa kowace rana kasuwa ce, sai dai kasuwanninta rabe suke bisa kaya: Kantin Kwari na yadi da atamfa, Singa ta kayan masarufi, Dawanau ta hatsi, Ƙofar Wambai ta kayan roba da gwanjo, Ƙofar Ruwa ta kayan gini da na mota, Farm Centre ta wayoyi. Tsakanin wasunsu akwai nisa da cunkoso, don haka wanda ya shiga birnin ba tare da ya tsara inda zai fara da inda zai ƙare ba yakan ƙarar da yininsa a cikin adaidaita sahu. Abin da ya fi shi ne a fara da zagayen jin farashi ba tare da an ciro kuɗi ba, a sayi ƙananan kaya, a bar masu nauyi zuwa ƙarshe don a wuce da su tasha kai tsaye.

Shekara ma tana da nata tsarin. Da kaka wake da gero suna araha a Arewa, farashinsu yana hawa yayin da rani ke nisa. Kayan sallah ana saro su ne tun kafin azumi ya kama, kafin Kwari ta cika farashi ya tashi. Da damina, musamman a watan Agusta, koramu kan yanke hanyoyin ƙasa na cikin dallol, motar da ta saba yin awa ɗaya ta yini a laka. Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana lalata kayan lambu yana galabaitar da dabbobi, sai a yi lodi da asuba.

Abu na uku, wanda a shekarun nan ya fi kowanne cutar da marasa tambaya, shi ne halin da iyaka take ciki. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyakar har zuwa Maris na 2024, ita kuwa gadar Malanbil ta ci gaba da zama a rufe ta ɓangaren Nijar bayan an ɗage takunkumin. A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata. Dokokin kaya ma suna sauyawa. A 2016 Najeriya ta hana shigar da shinkafa ta iyakokin ƙasa. A watan Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso, a 2025 kuma ta dakatar da fitar da dabbobi gabanin layya don farashin rago ya sauka a gida. Duk wanda ya yi lodi a irin waɗannan lokuta bisa labarin bara ya gamu da asara. Wajibi ne a tambayi halin da ake ciki a makon tafiyar kansa, daga bakin wanda ya dawo jiya, ko direban da ke bin hanyar kullum, ko ofishin duwan da kansa. Labarin majalisar shayi da saƙon murya da ake turawa a WhatsApp ba su isa a ɗora jari a kansu ba.

Takardu su ne ke rage tsayuwa a shingen jandarma da ƴan sanda. Katin ɗan ƙasa wanda wa'adinsa bai ƙare ba shi ne na farko, kuma sabunta shi aikin lokacin da babu tafiya ne. Mai niyyar zuwa Lome ko Kumasi ko nesa da haka ya nemi fasfo. Sai katin rigakafin shawara, wanda ake tambaya a iyakoki da dama. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, saboda haka abin da ake buƙata kawai shi ne a adana katin kada ya jiƙe ko ya ɓace. Mai dabbobi ya riƙe takardar kasuwar da ya saye su da ta likitan dabbobi, domin a zamanin da satar shanu ta yawaita, garken da ba shi da shaida yana jawo wa mai shi zargi mai nauyi. Duk kuɗin da aka biya a duwan a karɓi rasit, a ajiye shi har kayan su ƙare a shago. Yana da kyau a ɗauki hoton kowace takarda a waya, a kuma bar kwafi a gida. A gaban jami'i kuwa, sallama da gajeren bayani da miƙa takarda cikin natsuwa sun fi gardama saurin sallamar mutum.

Batun kuɗi yana buƙatar tsayawa, domin ɗan kasuwar Arewa tsakanin kuɗi biyu yake rayuwa. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, ba ta motsi sai yadda yuro ya motsa. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 takan sauya daraja cikin mako ɗaya. Idan naira ta faɗi, kayan Najeriya suna araha ga mai sefa, amma mai kai rago ko wake can yana dawowa da kuɗin da ba su da auki. Don haka a tambayi canji a wurin mutum biyu ko uku kafin a miƙa kuɗi, a ƙirga a gaban ɗan canji, kuma a canja abin da za a kashe kawai. Canjin takardun naira da aka sanar a Oktoban 2022, da ƙarancin tsabar kuɗin da ya biyo baya a farkon 2023, sun nuna wa mazauna bakin iyaka haɗarin tara kuɗin wata ƙasa a cikin akwati. Akwai kuma bambancin ƙirga: a kasuwannin Nijar da dala ake lissafi, wato sefa 5, ta yadda ɗari ke nufin sefa 500, alhali a Illela ɗari naira 100 ce. Sabon shiga ya tabbatar da wane kuɗi ake ciniki kafin ya ce ya saya.

Ɗaukar jari gaba ɗaya a jiki ya zama kasada marar dalili. A cikin Nijar akwai kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, ga kuma Airtel Money, mutum yana iya zuba kuɗinsa a Dogondutsi ya karɓa a Yamai ko Maraɗi da katinsa. A Najeriya ciniki ya koma ta banki da masu POS, kuma ƴan canjin Ƙonni da Illela sun saba karɓar sefa su tura naira asusun mai kaya. Mai sayarwa kada ya saki kaya don an nuna masa saƙon biya a fuskar waya, sai ya ga kuɗin sun shiga asusun da ya bayar, domin saƙon ƙarya ya yi yawa. Ɗan abin da ya rage a hannu a raba shi: ƙananan kuɗin hanya a aljihun gaba, sauran a wurin da ba a buɗewa a bainar jama'a.

Mota iri biyu ce. Akwai manyan motocin kamfanoni irin su Rimbo da STM da Al Izza, masu lokacin tashi da kujera mai lamba da takardar kaya. Akwai kuma motocin tasha da ke jiran cika. Na farkon sun fi dacewa da doguwar tafiya da mai ƙaramin kaya mai tsada, kuma tun da Dogondutsi zangon tsakiya ne, motar kan iso da mutanenta daga Yamai ko daga gabas, sai a yanki tikiti tun ana gobe. Na biyun sun fi sauƙin ciniki ga mai buhuna, amma a shiga wadda ta kusa cika, a dubi tayoyinta da yawan lodinta, kada arahar ƴan daloli ta sa a kwana a daji. Idan kaya za su bi wata motar daban, a rubuta suna da lambar waya a jikin kowane ƙunshi, a ƙirga su a gaban ɗan kamasho, a rubuta sunan direba da lambar motar, a kuma yanke tun a tasha wanda zai biya abin da ya taso a hanya. Yawancin rigimar ɗan kasuwa da direba daga wannan magana ta ƙarshe take tasowa.

Mai masauki shi ne rabin tafiya. Shi ke ba baƙo wurin kwana da wurin ajiya, ya haɗa shi da dillalin kirki, ya tsaya masa idan ciniki ya rikice, wata rana ma ya lamunce masa a ba shi kaya bashi. A garuruwan kurmi irin su Kumasi da Akara da Kwatano, unguwannin zango da sarakunansu sun daɗe suna wannan aiki. Irin wannan alaƙa gadonta ake yi, shi ya sa tafiyar farko ta fi kyau a bayan babba wanda aka sani a can, ya gabatar da yaro da bakinsa. Haƙƙin mai masauki a kan baƙo shi ne la'adarsa cikakkiya, da tsaraba komai ƙanƙantarta, da cika alkawarin ranar biya, da kuma kada a zagaye shi a ƙulla ciniki da wanda shi ya nuna. Bashi kuwa a rubuta shi da shaidu ko tsakanin ƴan uwa ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma wannan ya isa ya cire wa matashi kunyar neman a rubuta. Mata masu zuwa sari su ma sun fi samun sauƙi idan suka tafi ƙungiya, suka sauka gidan da iyalansu suka sani.

Waya tana buƙatar nata shirin. Tun ƙarshen 2020 Najeriya ta ɗaure rajistar layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, saboda haka baƙo ba ya samun layi cikin sauƙi kamar da. A tambayi kamfanin layin gida yadda ake amfani da shi a ƙetare da abin da yake ci, a ɗauki caja da batirin ajiya, a kuma rubuta lambobi uku ko huɗu masu muhimmanci a takarda, don waya tana mutuwa kuma ana sace ta.

Tsaro ya zama abin da ba a wasa da shi a wannan yanki. Tun 2024 sunan Lakurawa ya bazu a ƙauyukan bakin iyakar Sakkwato da Kabi, masu garkuwa da mutane sun addabi hanyoyin Zamfara da Katsina, hukumomi kuma kan taƙaita zirga-zirgar babura a wasu wurare. Tafiyar dare a bar ta. Ranar tashi da yawan jari a bar su tsakanin mutum da iyalinsa da abokin cinikinsa. Hanyar daji da ake bi don kauce wa duwan tana iya ceton ƴan jikkuna sau tara, a na goma ta tafi da kaya da babur, wani lokaci har da rai. Wani abin da ke jefa matasa masu kirki a kurkuku shi ne karɓar saƙon da ba a buɗe ba daga wanda ba a sani ba, domin idan aka sami ƙwaya a ciki, wanda aka kama da ita shi doka ta sani. Shan tiramol don jure gajiyar hanya shi ma musiba ce da ta lalata samari da yawa, tana ɗauke hankalin da ciniki ke buƙata.

Lafiyar jiki tana son ruwa mai tsabta, da abinci mai zafi da aka dafa a gaban mutum, da gidan sauro idan damina ce, da rigakafin sanƙarau idan ana yinsa da bazara. Addini kuma ya sauƙaƙa wa matafiyi: a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 ana yi mata ƙasaru, a mayar da sallolin raka'a huɗu zuwa biyu, har sai mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya. Wanda zai fara fatauci ya zauna da malami ya koyi hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da taimama kafin ya hau mota.

Tafiya ba ta ƙare ba sai an zauna da littafi a daren da aka dawo, kafin mantuwa ta shiga. A rubuta abin da aka saya da farashinsa, da canjin ranar, da kowane kuɗin da aka kashe, sannan a raba kuɗin hanya a kan kayan don a san ainihin abin da kowane turmi ko katan ya tsaya. A kan wannan adadin ake ɗora riba. A rubuta kuma sunan shagon da ya yi gaskiya da na direban da ya kawo kaya cikakku. Bayan tafiya huɗu ko biyar littafin zai nuna kayan da ke saurin fita da waɗanda ke kwantai, da watannin da zuwa ba ya biyan kansa. A daidai wannan mataki ne yawancin gogaggun ƴan kasuwa ke rage fita: mai shago a Kwari ya turo hoton kaya ta WhatsApp, a daidaita farashi, a tura kuɗi, amintaccen direba ya sauke kaya a Dogondutsi, a ɗauko su zuwa Kiyeshe. Ana fara wannan da ƙaramin sari, a ƙara idan kaya sun zo yadda aka gani. Zuwa da kai sai ya koma sau biyu ko uku a shekara, don ganin sabon yayi, da rufe lissafin bashi, da gaishe da mai masauki.